Hatsin Gidanmu a Kwalbar Mushe

Makon jiya ɗiyata, wadda ke aji huɗu, ta dawo daga lakwal, makarantar boko, da takarda a hannu. Wai madam ta ce a kai wa iyaye su karanta, wanda bai iya ba ya nemi mai karanta masa. Na ce miƙo nan, ubanki ba jaki ba ne, rabin jaki ne. Na buɗe. Layi-layi aka ja: lissafi, ilimin abubuwa, zane, rubutu, waƙa, can gefe kuma aikin gida. Karatun mako shida, duka a kan hatsi, wato gero. A layi na uku an ce kowane yaro ya zo da iri.

Na ninke takardar, na fita na zauna gindin aduwa. Uwar yarinyar ta biyo ni, wai lafiya. Na ce lafiya lau, ta koma ga tukunyarta. Shekara kusan arba'in ke nan, amma wallahi sai na ji ƙeyata ta yi zafi kamar yau abin ya faru.

Ina aji biyar a lokacin, wanda ake kira se'em-an. Ƙauyenmu na ƙasar Kurfai, tsakanin Tabla da Filinge. Soja ke mulki, kuma shekarar ita ce ta biyo bayan babbar yunwa. Damina ta wuce ba mu ɗaure dami goma ba. Shanun Fulani sun zube a dallol, babban kwarin ƙasarmu, har ungulu ta ƙoshi ta bar saura. Abin da ya riƙe mu shi ne taimakon da ake rabawa, jar dawa da ɓarzajjen masara. Ban san shekara nawa dawar nan ta yi a magaza ba kafin ta iso mu. In Inna ta zuba ta a faifai sai ka ga faifan yana motsi. Ta tsince ƙwarin da za ta iya tsincewa, sauran mu cinye su, ta ce ai nama ne.

Malamin ajinmu yaro ne ɗan Yamai, da ƙyar ya haura ashirin. Mushe muke ce masa, kamar kowane malamin lakwal, daga kalmar Faransanci ta kiran namiji da girmamawa. Yana da takalmi baƙi da tsumma na musamman don goge shi. Bai taɓa riƙe hauya ba, tafin hannunsa ya faɗa. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa masa ko a gaban Allah. Matsoraci ne, kuma na girma na gane matsoraci mai alli a hannu ya fi mugu ɓarna.

Bayan konje, hutun sabuwar shekara, ya dawo daga wani horo da aka yi musu a Filinge, kansa cike da sabuwar dabara. Ya ce daga yau har mako shida duk karatunmu a kan abu guda zai tsaya. Ya juya ga tabulo, allon aji, ya rubuta da manyan baƙaƙe: LE MIL. Hatsi. Ya ja layuka, irin waɗanda na gani a takardar ɗiyata. Lissafi a kan hatsi, dikte, wato shifta, a kan hatsi, labarin ƙasa a kan hatsi, kowane mako da aikin da za a yi a gida. A ƙarshe anspekta, mai duba makarantu, zai zo da sufurefe, mai mulkin yankin, wanda soja ne mai anini, su ga abin da muka koya.

Mu hamsin da wani abu a ajin nan, babu wanda ya sha furar hatsi tun kaka. Aka koya mana waƙar Faransanci, wai zangarniya na rawa a iska, rumbu ya cika, yara na murna. Muna rerawa, mushe na kaɗa sanda, cikinmu na yi mana amshi. Wata yarinya ta faɗi a tsakiyar baiti na biyu, aka yayyafa mata ruwa, aka sake waƙar daga farko. A lissafi kuwa: manomi ya girbe dami ɗari uku da sittin, ya fitar da zakka, nawa ya rage? Na sami amsa daidai. Ina samun amsa daidai kullum, abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau. Ban taɓa sauka ƙasa da na uku ba, kuma rubutuna ya fi na kowa kyau. Shekara guda ta rage mini in yi sartifika, jarrabawar gama firamare.

Aikin gida na makon farko, a rubuta yadda uwa ke daka hatsi da marece. Na rubuta gaskiya. Na ce turminmu a kife yake, kaza na kwana a kansa. Mushe ya ja jan layi tun daga sama har ƙasa, ya rubuta wai na fita daga abin da aka tambaya, biyu bisa goma. Ɗan mai kanti da ke zaune kusa da ni ya rubuta uwarsa na luguden mutum uku da waƙa, ya sami takwas. Uwarsa ko taɓarya ba ta ɗauka. Ranar na gane ƙarya suke so, kuma mai tsabta.

Mako na biyu, a tambayi wani tsoho sunayen hatsi. Wannan na ji daɗinsa. Na sami kakata, uwar Baba, tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, na tsuguna da kaye, littafin rubutu, da biro.

Ta ce, "Yau kuma mijin banza mi ya kawo shi? Ko goro babu, sai takarda?"

Na ce mushe ne ke son sunayen hatsi.

"Shi mushen naka bai san su ba, anka ba shi ɗiyan mutane?"

Ta lissafa mini zango mai doguwar zangarniya, da maiwa mai nauyin tashi, da wanda Zabarmawa ke ce ma haini-kire. Sannan ta nuna ɗakin Baba da mazari. Ta ce akwai na gida, wanda ba shi da suna sai na gida. Gajere ne, ƙwayarsa toka-toka, kwana saba'in ya nuna. Kakana ne ya yi ta zaɓensa shekara da shekaru, zangarniya ɗaya-ɗaya, wadda ta riga 'yan'uwanta nuna ita yake yankewa ya ware. Ta ce ko a wannan daminar da ta kashe kowa, shi kaɗai ya ba da ɗan abin da ya ba da.

Na san tukunyar. Tana ƙuryar ɗakin Baba, an zuba toka a saman irin, an kife ƙoƙo, an liƙe baki da laka da kashin shanu. A gidanmu an ci ganyen da awaki ke ƙi, an ci dussa, ƙanena ɗaya ya kumbura ƙafafu, amma ba a taɓa tukunyar nan ba. Ba a ma zancenta. Iri ba abinci ba ne, kowane ɗan Kurfai ya san haka tun yana rarrafe. Ba a buɗe shi sai hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma mai gida ne ke buɗewa da hannunsa.

Mako na uku mushe ya ce kowa ya kawo hatsi, za mu ga yadda tsiro ke fita. Za a ƙirga ƙwaya ɗari, a sa a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana uku a ƙirga waɗanda suka tsira. Ilimin abubuwa ke nan da lissafi a haɗe. Sannan ga babban aikin: a filin lakwal ya zana taswirar Nijar a ƙasa, tsawonta taki goma, aka kewaye ta da duwatsu. Arewa za a bar ta rairayi. Kudu za a yafa hatsi, mu dinga ban ruwa daga rijiya, ranar da manya suka zo su tarar da ita kore shar.

Me yara za su kawo? Abin da ke gida. Kowa ya zo da jar dawar taimako, wasu da ɓarzajjen masara. Kwana uku, tsummoki suka yi wari, ko tsiro ɗaya babu. Mataccen abu ne tun a buhu. Mushe ya ga lokaci na tafiya, tsoro ya kama shi, ya sa muka yi layi, bulala biyar-biyar a tafin hannu. Ya ce shi hatsi mai rai ya ce, iri, ba abincin jakai ba. Ya ce iyayenmu na ɓoyewa ne saboda jahilci. Wanda ya zo ranar Litinin hannu wofi, bulala goma.

Ban tambayi Baba ba. Na san amsar. Ranar Lahadi ya tafi kasuwar Filinge da igiyoyin da yake tufkawa, Inna na rijiya, kaka na gyangyaɗi. Na shiga ɗakin da rana tsaka, na ɓanɓare lakar da wuƙa, na kwashe tokar na zubar, na cika ƙoƙo. Ƙamshin hatsin nan ya bugi hancina har yawu ya cika mini baki. Ban ci ko ƙwaya ba, Allah shaida. Sai na duba na ga tukunyar ta yi rami. Na san Baba kan ɗan jijjiga ta lokaci-lokaci, ya ji nauyinta, kamar mai duba jinjiri. Wayon ɗan lakwal ya zo mini: abin da ka cire, mayar da kwatankwacinsa, lissafi ya daidaita. Na ɗebo jar dawa daga buhun Inna na cike gurbin, na kwaɓa laka na liƙe.

Ku ji fa. Ni da nake na biyu a aji, ni na ɗauki dawar da na ga tana tafiya a faifai na zuba ta cikin irin gidanmu, na zubar da tokar da ke tsare shi, na rufe. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba ba zai yi wannan ba.

A ƙwaya ɗari tawa, casa'in da shida suka tsira. Mushe ya ɗaga tsumman yana nuna wa aji, ya ce a tafa mini. Goma bisa goma. Ya ce wannan iri na musamman ne, ya zuba wani a kwalbar lita, ya toshe da toto, ya narka kyandir a baki. Ni ya sa na rubuta takardar da aka manna a jiki, saboda kyan rubutuna. Aka jera ta a kanta tare da dutse da ƙahon barewa da tsohuwar sheƙar tsuntsu. Sauran aka yafa a kudancin Nijar.

Yara shida ko bakwai ne kawai suka kawo iri na gaske. Ban san yadda suka samo ba, ba mu taɓa tambayar juna ba har yau. Taswira ta tsira, ta yi kyau, ba ƙarya. Sai aka aiko cewa manya sun ɗaga zuwansu da mako biyu. Tsiron ya yi tsawo ya kwanta, ya yi rawaya, awakin gari suka ƙarasa shi daga Gaya har Diffa. Mushe ya ce a sake. Ya dube ni ya ce, kai da naka ya fi kyau. Na koma tukunya. Aka sake ɗagawa, na sake komawa. Sau uku, kuma kowane zuwa ina cike gurbi da jar dawa.

Ranar da suka zo, mun tsaya a rana tun hantsi da tutocin takarda. Motoci biyu suka iso bayan azahar. Muka rera waƙar rumbu ya cika. Anspekta ya duba kayenmu, ya ɗaga kwalbar ya karanta takardata, ya ce da kyau, a adana ta, za a kai ta baje kolin makarantu a Filinge ƙarshen shekara. Sojan bai fito daga inuwar rumfa ba. Daga nan ya hango taswirar, ya gyaɗa kai, ya duba agogo. Ko minti ashirin ba su yi ba. Kashegari mushe ya goge tabulo, ya rubuta sabon abu: ruwa.

Wata uku na yi ina fatan abin ya wuce. Bazara ta yi tsanani, gabas ta fara baƙi da marece. Wata safiya bayan salla Baba ya fito da tukunyar tsakar gida, ya shimfiɗa tabarma, ya yi bisimilla ya fasa lakar. Tun daga lakar ya tsaya, don bai ga kashin shanu a cikinta ba. Ya ɗaga ƙoƙon. Ƙananan malam-buɗe-littafi masu launin ƙasa suka tashi. Ya juye. Abin da ya zubo gari ne da saƙa kamar ta gizo, dunƙule-dunƙule, ƙwari baƙaƙe na gudu ta ko'ina. Ya sa yatsa ya tona, ya ɗauko jar ƙwaya ɗaya ya riƙe.

"Wa yat taɓa tukunyar ga?"

Inna ta ce, "Malam, ko ɓera ne..."

"Ɓera na kwaɓa laka? Jar dawa ba ta da ƙahwa. Wani ya kawo ta."

Na ce ni ne. Na faɗi duka, da taswira da bulala da goma bisa goma. Na jira duka, har na ƙosa ya zo. Bai taɓa ni ba. Ya dube ni kamar baƙon da ya ɓata hanya ya shigo gidan mutane. Kaka ce ta ɗora hannu a ka, ta ce, "Wayyo mijina, ka kashe kakanka karo na biyu." Ba wasa a muryarta wannan karon.

Inna ta sheƙe abin, ta tankaɗe, aka sami kamar tiya biyu masu kamar ƙwaya. Ni da bakina na ce akwai yadda ake gane mai rai. Na ƙirga ɗari na sa a jiƙaƙƙen tsumma, yadda aka koya mana. Bayan kwana uku, bakwai suka tsira. Na kai masa. Ya ce, "To, karatunka ya yi amfani. Ya hwaɗa muna mun mutu." Darasin daidai yake, ban taɓa cewa ba daidai ba ne. Wannan ma wani abin haushin ne.

Sai na tuna da kwalbar. Rabin lita, a toshe da kyandir, babu ƙwaron da ya shiga. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya sa ni gaba. Bai taɓa taka lakwal ba tun ranar da dogarin sarki ya rubuta sunana da ƙarfi. Ya cire takalmi a ƙofar ofis, ya tsuguna. Direkta, shugaban lakwal, Bahaushe ne, da Hausa yake cinikin nama a kasuwa, amma a bayan teburinsa Faransanci kawai yake ji. Ya ce in fassara. Mushe na tsaye a gefe yana kallon takalminsa.

Baba ya ce, "Hwaɗa mai, ranshi shi daɗe, iri ne na gidanmu yaro ya kawo bisa kuskure. Shi taimaka shi ba mu."

Na faɗa da Faransanci. Direkta ya buɗe wani babban littafi ya nuna layi. Ya ce kwalbar ta shiga kayan lakwal, ga lambarta, anspekta ya gani da idonsa, za ta Filinge ƙarshen shekara. Bayan baje koli a zo a yi magana.

Na juya na faɗa wa Baba.

"Ƙarshen shekara yaushe?"

"Bayan wata ɗaya da rabi."

"Hwaɗa mai ruwa ba ya jiran baje koli. Hwaɗa mai in kawo mishi wani hatsin shi zuba ciki, kwalba dai kwalba ce."

Direkta ya yi dariya. Ya ce watau a yaudari hukuma ke nan? A zamanin nan? Ya ce in gaya wa tsohon nan gwamnati na raba iri mai kyau wanda masana suka zaɓa, ya je ya yi layi kamar kowa, ya bar camfi. Kalmar da ya yi amfani da ita ta fi camfi muni. Ni ne na tsaya tsakaninsu, ɗan shekara goma sha uku, ina neman yadda zan sassauta zagin ubana kafin in miƙa masa. Baba ya ce, "Bari, na ji. Wannan ba ya son tafinta." Ya tashi ya sa takalminsa.

Ya je ya yi layin. Aka ba shi irin da aka kawo daga kudu, fari, manyan ƙwayoyi.

Ruwan shibka ya sauka wata Talata da la'asar, mai yawa, har dallol ya yi ƙamshi. Laraba da safe gari ya watse gona. Ni aka ce in tafi lakwal, don ana cin tarar wanda ɗansa ya yi fashi. Muna cikin aji, mu ƙalilan, mushe na dikte a kan kogi. Ta taga ina hango mutane a gonaki, sungumi na tashi yana sauka, mata da yara na bi suna jefa iri suna takewa. Laimar ruwan farko kwana biyu ce a rairayinmu. Kwalbar na kan kanta, tsakanin dutse da ƙaho, da rubutuna a jikinta.

Na ajiye biro na tashi. Ban yi sanɗa ba. Na taka har gaban aji na ɗauke ta, kowa na kallo. Mushe ya riga ni bakin ƙofa. Ya daka mini tsawa da Faransanci, in ajiye. Na ƙi. Sai ya rage murya, ya yi mini Hausa, karo na farko tun zuwansa garin.

"Don Allah ajiye. Ni za su kama da laifi. Ka bari a yi baje kolin, ni da kaina zan kawo maka har gida."

Na ce, "Mushe, a tsumma za mu shibka shi lokacin?"

Ya ce in na fita da ita, ba ni ba aji. Na ce na ji. Ya matsa. Wannan kaɗai nake tuna masa da alheri, ya matsa.

Na tarar da Baba a gona ya ci rabinta da irin kudu. Ya ga kwalbar, ya ga ni. Ya fasa kyandir da haƙori, ya zuba kaɗan a tafi ya sunsuna. Ya nufi kusurwar da ke gangare, inda shanun wani Bafulatani abokinsa suka yi zama shekarun baya. Ya ce, "Uku-uku. In ka jefa huɗu sai na karya maka hannu." Yana sara ina jefawa ina takewa da diddige. Mun saba jefa abin da yatsu uku suka ɗauka, ba ƙirge. Ranar ƙirgawa na yi, rami bayan rami, har rana ta karkata. Kusurwar kawai ya isa.

Kwana biyu aka aiko gardi, ɗan sandan sufurefe, da takarda. An rubuta cewa na saci kayan gwamnati a gaban shaidu. Aka kira Baba Filinge, ya wuni zaune a rana a ƙofar ofis, aka yi masa faɗa da yaren da ba ya ji, aka sallame shi. Sunana kuwa aka ja masa jan layi. Babu wata lakwal a yankin da za ta karɓi ɓarawo. Baje kolin ma na ji ba a yi shi ba, an ɗaga.

Irin kudu ya tashi kamar abin arziki. Ya wuce kan mai raƙumi, ganye fal, masu wucewa na sa albarka. Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa a Kurfai, shi ko bai ko fitar da kai ba. Kara muka girbe, awaki suka gode. Kusurwar nan kuwa ta nuna tun ana sauran ruwa biyu. Dami huɗu da ɗan guntu. Ba mu ci ko zangarniya ɗaya ba, ko tumu ba a gasa wa yara ba. Baba ya sussuka da hannunsa, ya zuba toka, ya liƙe. Yana wanke hannu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai kab ɓata, kai kag gyara. Ba ka bi na, ba na bin ka." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan zancen har ya koma ga Allah. Ni kuwa ina ganin akwai wanda ya ci mini wani abu, kuma ba Baba ba ne.

Rani na kamawa na bi manya cirani. Na yi dako, na yi tallan shayi, na yi gadi a bakin teku. Ɗan mai kantin nan mai luguden ƙarya ya yi sartifika, ya yi kolej, yanzu yana da ofis da mota. In ya zo gari yakan tsaya ya ce, kai, da ka ci gaba da ka fi mu duka. Yana ganin yabo ne. Ni ina karanta takardar asibiti ga maƙwabta, ina rubuta wa mata wasiƙa, in aka zo neman mai sa hannu a ce a kira wancan, ya ɗan taɓa lakwal. Ya ɗan taɓa. Kamar wanda ya taɓa wuta.

Irin yana nan. Ni ke buɗe tukunyar yanzu. Gidaje da yawa a ƙauyen nan, har wajen Bonkuku, hatsin da suke shibkawa daga kwalbar nan ya fito, mafi yawansu ba su sani ba. Shekarun da ruwa ya yi gardama, shi ke fid da mu. An ce in gode Allah, kuma ina godewa. Amma kada wanda ya ce mini ai abin ya zama alheri. Rabin litar hatsi ce, ta ubana ce, ya tsuguna ya roƙa. Da mutum ɗaya mai albashi ya miƙa hannu kan kanta, da na sami irin, na sami sartifikar. Ba a taɓa gaya mini dalilin da ya sa sai ɗaya zan ɗauka ba.

Da na huce a gindin aduwar, na kira yarinyar. Na tambaye ta madam ƙwaya nawa take so. Ta ce ba ta faɗa ba, ta dai ce iri. Na shiga na ɗauko zangarniya ɗaya daga waɗanda nake ratayewa a rufin ɗaki, ban taɓa tukunya ba. Na murje, na ƙirga ɗari a tafinta, ita ma ta ƙirga. Na ɗauko biro na rubuta a bayan takardar, da Faransancina na aji biyar, cewa ga ɗari, sun isa darasin, in ana son ƙari a aiko wa uban, kada a tambayi yarinya. Na sa hannu.

Ta duba ta ce, "Baba, ashe rubutunka ya fi na madam kyau."

Na ce ta dunƙule hannunta da kyau, kada ta zubar mini da ko ɗaya a hanya.